Doki Dubu Talatin da Aka Sayar wa Dattawanmu

Ranar da na fara shiga ɗakin koyon aiki na makarantar gyaran jiragen sama, farfela idona ya fara nema. Na duba bango, na duba rufi, na leƙa bayan manyan injunan da aka jera a kan ƙafafun ƙarfe, babu ita babu dalilinta. Injuna ne dogaye masu buɗaɗɗen baki kamar an kwantar da randa, irin na jiragen jet masu kai alhazai Makka. Na tambayi wani ɗan Senegal da ke gefena inda ake ajiye injunan farfela. Ya ce ai wannan sashen can bayan fili yake, wajen ƙananan jirage, mu kuwa 'yan jet ne. Ya faɗa yana ɗaga kafaɗa kamar mai yi mini albishir. Ni kuwa ba albishir ba ne a wajena, don ba abin da aka aiko ni Maroko in koya ke nan ba.

A ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, babban abokin gabarmu jan-baki ne. Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma idan garkensa ya sauka a gonar gero da hantsi, kafin la'asar sai dai ka tarar da kara a tsaye. Wasu Turawa sun taɓa yin wani shirin taimakon manoma a yankinmu, da suka tashi tafiya suka bar wa ƙungiyar manoma jirgin feshi, mai injin fistan guda ɗaya da farfela a hanci, ƙarfin doki ɗari shida. Matuƙi akwai, wani tsohon soja a Konni da ya ce a shirye yake ko yau. Abin da babu shi ne bakanike mai lasisi da zai duba injin ya sa hannu, doka kuwa ba ta barin jirgi ya tashi sai da wannan sa hannun. Jirgin yana nan a rumfar kwano, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashin fiffikensa, tsuntsaye kuma suna cin geronmu.

Shi ya sa manoma daga Dogarawa har Tajaye suka haɗa hannu, wannan ya kawo damin gero, wancan buhun albasa, wani ɗan akuya, aka ce a tura yaro ɗaya ya koyo aikin. Kawu Nomau, wan mahaifiyata, shi ne shugaban ƙungiyar. Ni aka zaɓa saboda na gama lakwal, wato makarantar boko, kuma ni ke gyaran injunan ban-ruwa na masu albasa. Wanda ya nemo makarantar kuwa Musye Idi ne, mutumin Konni da ya daɗe a Maroko, sana'arsa ke nan samo wa yaran gida gurbin karatu.

A makon na nemi Musye Idi, na same shi a wani shagon shayi ya harɗe ƙafa, da tabarau a goshi. Ko wurin zama bai nuna mini ba.

"Musye Idi, an yi kuskure," na ce. "Sashen jet anka sa ni."

"Wane kuskure, ƙanena? Ai gata niy yi maka. Dattawanku sunka tambaye ni doki nawa. Nic ce wancan ɗari shidda, wanga dubu talatin. Su da bakinsu sunka ce a ba ɗansu babba."

"To ai lasisin jet ba shi sa hannu ga injin histan. Sun hwaɗa muna a buro, can ohishin makaranta."

Ya kurɓi shayinsa, ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai kana Maroko kana tunanin jirgin awaki? Ka yi karatunka ka samu aiki Dubai, ka aika ma gida shinkahwa. Wa ya taɓa yin arziki da gero?"

A nan na gane yadda aka yi cinikin. Mutanenmu ba sa sayen inji sai sun tambayi doki nawa ne. Ko injin ban-ruwa, ko na niƙa, tambayar farko ke nan, kuma mai ƙarfin aljihu yana ɗaukar wanda ya fi doki. Sun kuma sani, kuma gaskiyarsu ce, cewa yaron da ya iya kwance babban injin ban-ruwa ba zai kasa ƙarami ba, tunda ciki ɗaya ne. Da wannan ma'aunin suka auna jirgin sama. Musye Idi ya san ma'aunin sarai, a cikinsa ya girma, shi ya sa ya ɗana musu tarkon daidai ƙafarsu. Daga baya na ji cewa kamashon da makarantar ke ba shi a kan ɗalibin jet ya fi na ɗalibin farfela nesa ba kusa ba. Da Bature ne ko Balarabe ya yi mana haka, da na ce bai san mu ba. Wannan kuwa ya ci tuwo a gidan Kawu, ya wanke hannu, ya yi addu'a Allah ya kawo damina mai albarka.

Ɗakin da na samu a saman benen wata tsohuwa ne, Lalla Zahra, a unguwar masunta. Sanyin garin ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, daga teku yake tasowa ya shiga ƙashi ya zauna. Yaran unguwa sukan bi ni suna kiran wata kalma da ban nemi a fassara mini ba, fuskokinsu sun isa fassara. A motar haya na sha ganin mutum ya gwammace tsayuwa da ya zauna kusa da ni, alhali ɗazu sahu ɗaya muka yi salla. Burodi da safe, burodi da rana, har na fara jin haushin alkama. Na yi kewar fura irin ta Inna, mai tsami-tsami da yaji, kewar da takan sa ni tsayawa a tsakiyar hanya kamar wanda ya manta inda za shi. Lalla Zahra ba ta jin Faransanci, ni kuma Larabcina na allo ne, amma wata safiya ta ga ina rawar ɗari, ta shiga ciki ta fito da jallabiyar ulu ta marigayi mijinta ta jefa mini a kafaɗa. Daga ranar kullum sai ta ajiye mini kwanon miyar wake mai zafi a kan matakala.

Na ci gaba da shiga ajin jet ina jiran in samu bakin zaren. Wata rana malamar da ke koyar da mu aikin injuna, Madam Su'ad, ta ce mai tambaya ya yi. Na ɗaga hannu na ce, "Madam, injin nan ƙarfin doki nawa ne?" Aji ya fashe da dariya, wani ya yi haniniya daga baya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in riƙe tambayata zuwa jibi.

Jibin aka kai mu filin jirgi inda ake gwada wani jet. An danne masa birki, an sa wa tayoyinsa waigi, aka ba injin wuta. Ƙasa ta ɗauki rawa, haƙorana suna haɗuwa, ciyawar da ke can bayansa ta kwanta ƙasa. Da aka kashe, Madam Su'ad ta cire abin toshe kunne ta juyo wajena.

"Musye Mutari, tafiya nawa jirgin nan ya yi yanzu?"

Na ce ko taku ɗaya bai yi ba.

"To abin da ka ji yana girgiza ƙasa turi ne, kuma da turi ake auna jet, wato nauyin da yake iya ingizawa. Doki kuwa ma'aunin aiki ne, sai an haɗa turi da gudu ake samunsa. Yanzun nan da yake tsaye, aikin da injin ya yi wa jirgin doki sifili ne, duk rurin nan. Idan ya hau sama yana tsala gudu, turin zai iya zama doki dubbai. Saboda haka duk wanda ya gaya maka dokin jet bai gaya maka a wane gudu ba, ko dai jahili ne ko ɗan kasuwa."

Na ce a raina, ɗan kasuwa ne, Madam, har sunansa na sani.

A hanyar komawa na zauna kusa da ita na ba ta labarin jirginmu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce farfela iska mai yawa take kamawa ta tura baya a hankali, jet kuwa iskar da ba ta kai haka ba yake harbawa da tsananin gudu. Shi ya sa a ƙaramin gudu farfela take mai da ɗan dokinta ja mai ƙarfi, ta ɗaga jirgi da kayansa daga gajeren fili na turɓaya, ta bi da shi ƙasa-ƙasa a kan gona. Gudu na ƙaruwa janta na raguwa, a nan ne jet yake karɓar fage, can sama inda babu gona. Shi jet sai doguwar kwalta mai tsabta, don tsakuwa ko tsuntsu ya faɗa bakinsa yana iya kashe injin. Na yi dariyar takaici har ta waiwayo. Wato injin da tsuntsu ɗaya ke iya kayarwa, aikinsa aka turo ni in koya don in je in yaƙi jan-baki. Ta ƙara da cewa cikin injinmu fistoci ne, cikin jet kuwa fukafukai ne masu juyawa, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, kuma ko zan shekara goma a sashen jet babu hukumar da za ta bar ni in sa hannu a jirgin ƙauyenmu.

Na kira Kawu Nomau. Na shirya maganata tsaf, da misalin da na tabbata zai shige shi. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, in za ku ba fangalin albasa ruwa, babban tiyo kuke sawa ruwa shi kwarara sannu, ko ƙarami mai harbi da nisa?"

"Mutari," ya katse ni, "ni za ka koya ma inji? Tun ba a haihe ka ba nike sayen inji."

"Kawu, ku yi haƙuri, ba iri guda na ba. Musye Idi ya cuce mu."

"Idi ya riga ka kira. Ya ce kanka ya kasa ɗaukar babban karatu, shi ya sa kake son a mai da kai ajin ƙanana. Mutane sun hidda abincin bakinsu sunka aike ka, kai ko za ka zo muna da wayon ragwaye. In kas sauka aji, kar ka sake kirana."

Ya kashe wayar. Na tsaya a saman benen ina kallon teku. Musye Idi bai tsaya a cin amanarmu ba, sai da ya riga ni gida ya shafa mini kashin kaji. Na ji haushin Kawu ma, ba zan ɓoye ba, don idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Ya yarda da mai tabarau ya ƙi ɗan ƙanwarsa, kawai don mai tabarau ya ambaci dubu talatin.

A ofishin makaranta suka ce ana iya sauya mini sashe, amma ajin farfela ya riga ya yi nisa, sai in jira sabon ɗauka in fara daga tushe. Abin da ya wuce kuma ya wuce, su ba ruwansu da abin da ke tsakanina da dillalina. Magatakardan ya ma ba ni shawara in zauna inda nake, ya ce kowa neman hawa yake, bai taɓa ganin mai roƙon a saukar da shi ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Idan na zauna, zan koma gida da suna da takarda mai hatimi, a yi mini guɗa, jirgi kuwa ya ci gaba da yi wa awaki inuwa. Idan na sauya, na yi asarar kusan shekara, kuma na zama rago a bakin mutanen da suka aiko ni. Na sa hannu aka sauya.

Ƙungiya ta janye ɗan abin da take aiko mini na ci. Na shiga tashar masunta ina dakon akwatunan kifi da ƙanƙara, hannuwana suka tsattsage har ba na iya dunƙule su. Shugaban 'yan dakon ya san ba ni da takardar aiki, sai ya riƙa ba ni abin da ya ga dama, idan na buɗe baki ya nuna mini ofishin 'yan sanda da haɓa. Lalla Zahra ta lura na daina sayen ko burodi. Ta kama hannuna ta sauko da ni wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, ta nuna mini tukunyar gas da famfon da ke yoyo, ta nuna ɗakin, na gane cinikin: in riƙa yi mata aikin ƙarfi, in zauna kyauta. Ta kuma shafa mini man zaitun a hannu tana faɗa da Larabci, ban san ko da ni take ko da masu kifin ba.

Da aka buɗe sabon aji na tsallaka bayan fili. Rumfa ce ƙarama mai warin baƙin mai, ɗalibanta ba su cika benci biyu ba. A tsakiyarta ga inji mai fistoci tara a zagaye, da farfela a gaba, ɗan'uwan namu sak. Na dafa shi kamar na ga ɗan garinmu. Tsofaffin abokaina na jet idan sun gan ni da mai dumu-dumu sukan ce ga bakaniken babur. Ban damu ba, don a karo na farko tun zuwana abin da nake koya da rana shi ne abin da aka aiko ni nema.

Da tun farko an sa ni inda ya kamata, daminar da ta biyo bayan wannan a gida za ta same ni da lasisi a hannu. A Maroko ta same ni, da sauran karatu a gaba. Gero ya yi kyau a shekarar, kowa ya faɗa. Wata rana da azahar, ina zaune a kan akwatin kifi, saƙon murya ya shigo daga Inna. Kafin in ji muryarta sai da na ji abin da ke bayanta: gwangwanayen da ake ɗaurawa a igiya ana kaɗawa, da ihun mata da ya riga ya dishe, da wani ƙugi kamar ruwan sama a kan kwano. Na san ƙugin nan tun ina goye.

"Mutari, sun zo," in ji ta. "Tun shekaranjiya muke gona. Ko na iri ba mu tsira da shi ba. An tuɓe kawunka daga shugabanci, an ce ya ɗauki dukiyar mutane ya ba ɗan ƙanwatai ya tahi yawo. Kai dai ka ci abinci, ka ji?"

Na saurara na sake saurara. Na yi kuka a gaban 'yan dako, ban ji kunya ba. A Juma'ar makon kuma na ga Musye Idi a ƙofar masallaci da wasu sababbin yara biyu daga Illela, da jakunkunansu da idanunsu a waje. Ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya ce, "Ƙanena, yaya ajin ƙanana?" Ban karɓi hannun ba. Na dubi yaran na ce kowa ya je buro da ƙafarsa ya tambayi abin da aka rubuta masa, yau ba gobe ba. Ya ce musu kar su kula ni, karatu ne ya taɓa mini kai.

Na gama, na karɓi lasisina na injin fistan. Lalla Zahra ta ƙi karɓar jallabiyar, ta tura mini ita cikin jaka da hannunta. Motar haya ta sauke ni a Dogarawa babu mai tarya, waɗanda suka gane ni suka amsa sallama a taƙaice. Ban zarge su ba, rumbunansu ne shaidarsu. Na tambayi Inna ina Kawu. Ta ce ya sayar da injin ban-ruwansa ya rarraba wa waɗanda suka fi matsa masa, sannan ya bi 'yan ci-rani zuwa Ikko. Mutumin da ko kasuwar Illela ba ya kwana, mai furfura har a gira, wai yanzu gadi yake yi a ƙofar gidan wani mai kuɗi.

Jirgin na same shi zanzaro ya yi gini a hancinsa, ɓeraye sun ci wayoyi, tayoyi sun kwanta. Ni da tsohon sojan nan muka duƙufa a kansa duk tsawon rani, muna bin kayan gyara har Sakkwato. Gab da faɗuwar ruwa, wata safiya, ya hau ya zauna, na tsaya a gefe na ɗaga masa yatsa. Farfela ta juya da ƙyar, injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Iskar ta kwashe hulunan waɗanda suka zo kallo, awaki suka watse cikin gonaki.

Kawu ba ya ɗaukar lambata, don haka na karɓi wayar Inna na kira shi. Da ya ɗauka, na miƙa wayar wajen injin na bar shi ya sha ƙarar. Sannan na ja da baya inda zan iya jinsa.

"Mutari?" in ji shi.

"Ni na, Kawu."

"Shi na ke kuka haka?"

"Shi na."



"Doki nawa kac ce?"

"Ɗari shidda, Kawu."

"Ashe sun isa," ya ce a hankali.

Na buɗe baki zan yi magana sai na ji hon ɗin mota a wajensa, da wata murya tana daka tsawa da Turanci. Ya ce, "Dakata, ɗana, kar ka kashe injin, ina zuwa." Ya ajiye wayar bai katse ba. Ga jirginmu yana ruri a bayana, ga gonaki an share suna jiran ruwa, ni kuwa ina tsaye da waya a kunne ina jin ƙarar ƙofar ƙarfe tana buɗewa, da muryar Kawu Nomau yana cewa, "Sannu da zuwa, ranka shi daɗe."